Juma'ar da Aka Kama Dutse Yana Aman Wuta a Bayan Jupiter

Mai karatu, a ce kai ne. Safiyar Juma'a ce, an tashi daga babban taro a wurin aikinku, 'yan jarida sun naɗe wayoyinsu sun tafi, manyan masana da yawa sun kama hanyar gida su biya bashin barcin da suka kwana biyu suna ci. Kai kuwa an bar ka da ragowar aikin da ba a bugawa a jarida, wato auna tazarar da ke tsakanin gefen wani wata da wasu taurari dishi-dishi a jikin hoto. Kana cikin haka sai ga wani tabo a gefen hoton, wanda ba shi aka sa ka nema ba. Za ka ce dattin na'ura ne ka wuce, ko za ka tsaya?

Abin da ya sami Linda Morabito ke nan ranar 9 ga Maris, 1979, a cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Pasadena, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Shekarunta 25 a lokacin. Ba ta cikin tawagar masanan da aka ɗora wa nauyin fassara hotunan kumbon Voyager 1. Injiniya ce a sashen da ke lura da hanyar kumbon, masu tabbatar da cewa bai kauce ba. Kafin mu ga abin da ta yi da tabon nan, sai ka san abin da masana suka yi imani da shi kafin wannan safiya.

Sun yi imani cewa ƙananan duniyoyi matattu ne. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Ƙaramin abu ya fi babba saurin hucewa, saboda haka duk zafin da ƙaramar duniya ta taso da shi ya kamata a ce ya tsiyaye tun tuni. Ga shaida nan a saman kanmu kowane dare. Yawancin baƙaƙen shimfiɗun da kake gani a fuskar farin wata narkakken dutse ne da ya malala ya daskare fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, kuma 'yan sama jannatin Apollo sun ɗebo duwatsun wurin an auna. A ganinsu, tun daga nan wata ya yi shiru, sai ramukan da duwatsun sama suka faffasa a jikinsa.

Duniyar Mars ma ta ba da irin wannan amsa, sai dai ta ja wa mutane rai kafin ta bayar. A watan Nuwamban 1971 kumbon Mariner 9 ya isa can, shi ne na farko da ya taɓa shiga kewayen wata duniya ba tamu ba, in ka ɗauke farin wata. Ya buɗe ido, me zai gani? Ƙura. Guguwa ta tashi ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, ba tudu ba kwari. Kumbunan Tarayyar Sobiyet guda biyu, Mars 2 da Mars 3, sun iso bayansa da 'yan makonni, amma su an riga an tsara musu aikinsu tun daga gida, babu damar a ce su dakata, sai suka yi ta ɗaukar hoton hazo. Masu Mariner 9 kuwa suna iya sauya masa umarni daga nan ƙasa, sai suka ce ya jira.

Ana cikin jira sai aka ga ɗigo huɗu baƙaƙe sun leƙo ta saman ƙurar. Wane irin abu ne zai yi tsawon da guguwar da ta rufe duniya ba ta kai kansa ba? Da ƙura ta lafa a farkon 1972 sai ga amsa: kawunan duwatsu ne masu aman wuta, kowanne da wawakeken baki a tsakiyar kansa. Babbansu, Olympus Mons, tsayinsa ya kai kimanin kilomita 22, wato Everest biyu da rabi, faɗin gindinsa kuma wajen kilomita 600. Sauran ukun, Arsia da Pavonis da Ascraeus, suna jere a layi ɗaya. Girma dai ba a magana, amma ko ɗigon hayaƙi babu. Kowa sai ya ƙara sakankancewa cewa a wannan zamani duniyarmu kaɗai ke da wuta a ciki.

Da wannan tunani aka tunkari Io. Ɗaya ne daga cikin manyan watanni huɗu na Jupiter da Galileo Galilei ya hango da tabaron hangen nesansa a Janairun 1610. Faɗinsa kilomita 3,640 ne da 'yan kai, da kaɗan ya ɗara namu watan. Yana can inda hasken rana ya yi rauni, sanyin samansa ya zarce digiri 130 ƙasa da sifiri. Gaskiya ne ya ɗan nuna wasu halaye na daban. Tun 1964 aka lura cewa ƙarar rediyon da ke fitowa daga Jupiter tana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon inda Io yake, bayan shekara goma kuma aka gano wani gajimaren sinadarin sodiyam yana binsa. Duk da haka, in ka tambayi yawancin masana me za a gani, ramuka za su ce maka, irin na watanmu.

An harba Voyager 1 ranar 5 ga Satumba, 1977. Bayan wata 18 cif, ranar 5 ga Maris, 1979, ya gifta Jupiter, ya kuma wuce Io da tazarar kilomita dubu 20 da ɗoriya. Hotuna suka fara sauka, kowane ɗaya sai ya yi fiye da rabin sa'a a hanya kafin ya iso. Aka ga wata duniya mai launin rawaya da ruwan goro da fari, da baƙaƙen tabo birjik. Aka shiga neman ramukan faɗuwar duwatsu. Aka duba, aka sake dubawa. Babu ko ɗaya.

Tsaya ka auna nauyin wannan, mai karatu. Duwatsu na faɗa wa kowace duniya, babu wadda ta tsira. In ka ga fuska ba tabo, to akwai abin da ke shafe tabon, kuma yana shafewa da sauri. Masanan sun ga alamun malalar narkakken dutse, sun ga bakunan ramuka masu kama da na duwatsun aman wuta, sun yarda cewa fuskar Io sabuwa ce. Sai dai sabo a bakin masanin duwatsu yana iya nufin shekara miliyan guda. Ba wanda ya ga wuta tana ci. Aka yi taron manema labarai, aka yi murna, aka watse.

Kumbon kuwa bai daina aiki ba. Ranar 8 ga Maris, yana nesa da Io da kilomita miliyan 4.5, ya waiwaya ya ɗauki wani hoto. Ba don kyau aka ɗauke shi ba. Masu lura da hanya suna bukatar su san ainihin inda kumbo yake da inda kowane wata yake, hanyar sanin haka kuwa ita ce a ɗauki watan tare da taurarin da ke bayansa, waɗanda an riga an san mazauninsu. Don taurarin su fito sai an bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, wanda hakan ke sa shi watan ya yi haske fiye da kima, har ba a ganin komai a jikinsa. A wurin masanin duwatsu irin wannan hoto ba shi da amfani. Shi ne ya faɗo teburin Linda washegari.

Ta ƙara wa hoton haske a kwamfuta don wani tauraro mai rauni ya bayyana. Tare da shi sai wani abu ya bayyana a gefen Io, a wajen da'irarsa, inda bai kamata a ga komai ba sai baƙin sarari. Wani lanƙwasasshen haske ne siriri, mai siffar laima, ya ɗago daga jikin watan. Ka tuna, aikinta taurari ne. Da ta auna su ta rufe hoton, babu mai tuhumarta da sakaci har abada.

Akwai hanya ta biyu ma mai sauƙi, wadda ni a ganina ta fi ta farko haɗari: ta ruga da gudu tana shelar ta gano abin mamaki. Wa zai ƙi? Yarinya mai shekara 25 a tsakiyar manyan farfesoshi, ga dama ta samu. Amma in daga baya aka gano ƙura ce a gilashin kyamara fa? Kai da wace fuska za ka shiga ofis ranar Litinin? Linda ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ba. Ta zauna ta shiga neman abin da zai ƙaryata idonta.

Ta nuna wa abokin aikinta Stephen Synnott. Aka nemo waɗanda suka san kyamarar ciki da bai, irin su Peter Kupferman da Stewart Collins, ko na'urar ce ke wasa da hankalin mutane. Ba ita ba ce. To ko wani wata ne ya leƙo ta bayan Io? Aka duba lissafin inda sanannun watannin Jupiter suke a wannan sa'a, babu wanda ke wurin. Ko wani sabo ne da ba a sani ba? Girman lanƙwasar ya nuna cewa da wata ne, da ya yi girman da tun tuni an hango shi daga nan duniya. Gajimare fa? Io ba shi da iskar kirki da za ta riƙe gajimare, balle a tsayin da ya kusa kilomita 300. Kowace ƙofa aka ƙwanƙwasa sai a tarar a rufe.

Saura tambaya ɗaya: in abin nan daga jikin Io yake tashi, daga ina? Suka lissafa wurin, suka ɗora a kan hotunan kusa da aka ɗauka kwana huɗu kafin nan. Lissafin ya sauka daidai kan wani ƙaton zane mai siffar zuciya, wanda kowa ya gani a makon, kowa ya yi mamakinsa, ba wanda ya san ko mene ne. Ashe abin da suke kallo ta sama a matsayin zane, shi ne Linda ta gani ta gefe yana tsaye. Dutse ne yake aman wuta, a daidai lokacin da aka ɗauki hoton. Wani ɗigon haske na biyu kuma, a kan iyakar dare da rana ta watan, shi ma toroƙon wani dutsen ne da hasken rana ya taɓa kansa. Hoto ɗaya, aman wuta biyu, karo na farko a tarihi da ɗan Adam ya ga haka a wajen duniyarsa.

Aka kira Edward Stone, babban masanin shirin Voyager, ya zo ya gani da idonsa. Kafin Litinin, 12 ga Maris, ranar da aka sanar wa duniya, masanan hotuna sun koma kan tulin da ke hannunsu, suka ƙara musu haske kamar yadda Linda ta yi. Toroƙo ya yi ta fitowa, har aka ƙirga takwas. Masu na'urar auna zafi ta kumbon su ma suka ga wani wuri da ya fi kewayensa ɗumi nesa ba kusa ba. Duk wannan yana cikin hotunan da aka kwana ana kallo, a gaban idanun da suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni. Ba rashin ilimi ba ne ya hana su gani. Sun daidaita hasken hotunan ne don su ga ƙasa, domin a ƙasa suke tsammanin labari, ba wanda ya yi tunanin duba baƙin sararin da ke gefe.

Kada ka ɗauka sau ɗaya aka taɓa yin haka. Kumbon Magellan ya kewaya Venus, wadda muke kira Zara matar wata, daga 1990 zuwa 1994, yana leƙa ƙarƙashin gajimarenta da na'urar rada. Aka adana hotunan. Sai a 2023 Robert Herrick na Jami'ar Alaska da Scott Hensley na JPL suka bayyana cewa wani baki a gefen dutsen Maat Mons ya sauya siffa, ya kusa ninka girmansa, tsakanin Fabrairu da Oktoban 1991. Shekara 30 shaidar tana kwance a ma'ajiya tana jiran wanda zai zauna ya gwada hoto da hoto.

Mu koma kan Io, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Kwana uku kacal kafin Voyager 1 ya isa Jupiter, ranar 2 ga Maris, mujallar Science ta buga wata gajeriyar maƙala ta mutum uku: Stanton Peale na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, da Patrick Cassen da Ray Reynolds na cibiyar Ames ta NASA. Ba su da hoto ko ɗaya. Da lissafi kawai suka ce cikin Io na iya kasancewa a narke, kuma mai yiwuwa kumbon da ke tafe ya tarar da aman wuta ko'ina a samansa. Ka dubi ƙarfin halin. Masani yakan yi hasashen da sai bayan shekaru za a gwada, in ya kuskure an manta. Su kuwa sun sa hannu a takarda alhali alƙalin yana bakin ƙofa. Da kai ne, ba za ka ce a bari sai hotuna sun iso ba?

Ga abin da suka hango. Io yana kewaya Jupiter cikin sa'a 42 da rabi. Da shi kaɗai ne, da tuni hanyarsa ta zama cikakkiyar da'ira, ya zauna lafiya. Amma yana da maƙwabta. Duk lokacin da Ganymede ya yi kewaye ɗaya, Europa ya yi biyu, Io ya yi huɗu, saboda haka suna haɗuwa bibbiyu a wuri guda a kai a kai, suna ɗan fizgar juna. Wannan fizga ce ke hana hanyar Io daidaita, yau ya matso kusa da Jupiter, gobe ya ɗan ja baya. Jupiter kuwa nauyinsa ya ninka na duniyarmu fiye da sau 300. In Io ya matso sai ya miƙe shi, in ya ja baya sai ya sassauta, har ƙasar watan kan ɗaga ta sauka da abin da ya kai mita 100. Ɗauki wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ka taɓa wurin lanƙwasar, za ka ji ya yi zafi. Haka ake yi wa duniya guda, dare da rana, tun fil azal. Masu cewa ƙaramar duniya tana hucewa ba su yi ƙarya ba. Sun dai manta cewa ana iya hura mata wuta daga waje.

Dutsen da Linda ta gani an raɗa masa suna Pele, sunan abar bautar mutanen Hawayi na dā da suke dangantawa da aman wuta. Na biyun aka kira shi Loki. Haka aka bi sauran da sunayen gumakan wuta da tsawa na al'ummu daban-daban, har akwai wani rami mai suna Shango, daga al'adar Yarbawa. Da Voyager 2 ya iso a watan Yulin wannan shekara, an sauya masa tsari don ya zuba wa Io ido na sa'o'i. Ya tarar yawancin duwatsun suna nan suna ci. Pele kuwa, wanda ya tona asirin kowa, ya yi tsit a lokacin.

In ka hango Io daga sama, abin da za ka fara lura da shi shi ne duwatsunsa masu aman wuta ba tsaunuka ba ne irin na Mars. Yawancinsu ramuka ne masu faɗi, shimfiɗe a ƙasa. Loki tafki ne na narkakken dutse mai faɗin kilomita 200, da tsibiri a cikinsa, ɓawon samansa kan daskare ya yi nauyi ya nutse, sabo ya taso. Toroƙon kuwa iskar farar wuta ce da ƙura ke fita da gudun kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa. Da yake babu iskar da za ta tare ta, kuma jan ƙasar watan ba shi da ƙarfi, sai ta yi sama sosai, ta daskare a hanya, ta zubo ta ko'ina daidai wa daida. Abin da ya zana jan zobe mai faɗin fiye da kilomita 1,000 a kewayen Pele ke nan. Launukan rawaya da ja da fari duk farar wuta ce da danginta. Akwai tsaunuka ma, ɗaya ya kai kilomita 17, amma su ba wuta ce ta gina su ba, ɓawon ƙasa ne ya matsu ya karye ya ɗago.

Taswirar wurin ba ta daɗewa. Kumbon Galileo, wanda ya zauna a kewayen Jupiter daga 1995 zuwa 2003, ya ɗauki yankin Pele a farkon 1997, ya dawo bayan 'yan watanni ya tarar wani dutse mai suna Pillan ya shimfiɗa baƙin tabo mai faɗin kilomita 400 a kan jan zoben. A 2007 kumbon New Horizons, yana kan hanyarsa ta zuwa Pluto, ya kama dutsen Tvashtar yana tura toroƙo sama da kilomita 300. Yau an san wurare fiye da 400 da ke aman wuta a Io, babu wata duniya da aka sani da ta kai shi. Kumbon Juno ya sunkuya har kilomita 1,500 daga samansa a Disamban 2023 da Fabrairun 2024, kuma awon da ya yi ya gyara wani sashe na tsohon hasashen: ba a sami alamar teku guda na narkakken dutse shimfiɗe a ƙarƙashin ɓawon ba, kamar yadda aka daɗe ana zato.

Linda Morabito ce ta farko a jerin sunayen da ke kan maƙalar da ta bayyana ganowar a mujallar Science a watan Yunin 1979, tare da Synnott da Kupferman da Collins. Daga baya aka sa wa wani dutsen sararin samaniya, mai lamba 3106, sunanta. Na ga dacewar haka, domin Peale da abokansa sun faɗa, amma gani ya kori ji.

Su Peale kuwa ba su tsaya a Io ba. Cikin wannan shekarar ta 1979 suka juya lissafinsu kan maƙwabcinsa Europa, wanda ƙanƙara ta rufe ruf, suka tambaya: in matsar Jupiter na iya narka dutse a can, me za ta yi wa ƙanƙara a nan? Awon da kumbon Galileo ya yi daga baya ya ƙarfafa zaton cewa akwai tekun ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙanƙarar, wanda ake ƙiyasin ruwansa ya fi na dukan tekunan duniyarmu yawa. Ranar 14 ga Oktoba, 2024, aka harba kumbon Europa Clipper daga Fulorida don ya je ya bincika ko wurin zai iya ɗaukar rai. Ana sa ran isarsa Jupiter a 2030.